Buɗaɗɗiyar Wasiƙar Ƙorafi Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mini Da Kwamfutar Ɗaukar Murya

Zuwa ga Babban Manaja,

Assalamu alaikum. Yallaɓai, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda sau uku ina sallama a ofishinku kan kwamfutar tebur da kuka haɗa mini don aikin ɗaukar murya, kuma kowane zuwa da irin amsar da nake dawowa da ita.

Tun makon farko sauti ya fara ƙarƙara kamar ana soya gyaɗa, linzami ya riƙa sandarewa, daga bisani allo ya koma shuɗi da rubutun DPC_WATCHDOG_VIOLATION. Ranar da abin ya fi ƙona mini rai, wani malami ya kusa kammala karatun da muke ɗauka na tsawon awa guda sai kwamfutar ta mutu, na rasa bakin da zan ba shi haƙuri. Ma'aikatanku da farko sun ɗora laifin a kan wutar lantarki, na sayi sitabilaiza. Suka koma cewa ƙura ce, aka hure ta. A karo na uku suka goge Windows suka sake ɗorawa, suka karɓi kuɗin aiki, ba a kwana biyu ba cutar ta dawo.

Wani mai gyara da ba ya cikin ma'aikatanku ne ya gano bakin zaren cikin rabin awa. Ya buɗe Device Manager, wato shafin Windows da ke nuna kayan da ke haɗe a kwamfuta, ya jera na'urorin bisa lambobin IRQ, ya nuna mini cewa katin sauti, da mai kula da ramukan USB, da ɓangaren sauti na katin hoto duk suna cunkushe a layi na 16. IRQ shi ne kiran da na'ura ke yi wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, don ta dakatar da abin da take yi ta saurare ta. Idan na'urori da yawa suka haɗa layi ɗaya, duk lokacin da kira ya shigo sai tsarin ya bi direbobinsu, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa su, ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma direba guda mai nawa ya isa ya tsayar da sauran. Wannan haɗa layi gado ne daga zamanin da layukan ba su da yawa, domin kwamfutar IBM ta 1984 guda 16 kacal take da su.

Maganin kuwa ba sabo ba ne. Tun ƙa'idar PCI 2.2, wadda ta tsara yadda katuna ke haɗuwa da kwamfuta, aka samar da tsarin MSI, inda kowace na'ura ke aika kiranta a matsayin saƙo na kanta ba tare da ta yi tarayya da kowa ba. Mai gyaran ya fara ajiye madogarar da za a koma idan an samu matsala, domin na'urar da ba ta ɗaukar tsarin tana iya hana kwamfuta tashi, sannan ya shiga rajistar Windows, inda ake ajiye saituna, ya mayar da MSISupported, saitin da ke kunna MSI, daga 0 zuwa 1 ga katin sautin da na hoton. Da aka sake kunnawa lambobinsu suka koma masu alamar ragi a gaba, shaidar cewa sun rabu da layin. Yau mako shida ke nan ban sake jin ƙarƙara ko ganin shuɗin allo ba.

Abin da ya dame ni shi ne, tun ranar ciniki na faɗa muku aikin da zan yi da ita, kuka ce an gwada ta. Gwajin minti goma da manhajar LatencyMon, mai auna jinkirin direbobi, zai tona wannan matsala.

Don haka ina neman ku mayar mini da kuɗin aikin da kuka karɓa a kan gyaran da bai gyara komai ba, ku kuma tuntuɓi duk wanda kuka sayar wa irin wannan haɗi ku duba masa saitin kyauta. Rasit ɗina da hotunan allon suna hannuna, kuma ina jiran amsarku a rubuce cikin mako biyu.

Naku,
Mai ɗakin ɗaukar murya, Kano