A Tuna da Mustafa Alasan, Mai Ɗora Tatsuniya a Majigi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan marigayi Mustafa Alasan na Jamhuriyar Nijar, wanda a ganina masu sana'ar fim na ƙasar Hausa ba su ba shi matsayin da ya cancanta ba, alhali shi ne ya riga kowa a yankinmu nuna cewa tatsuniyar da kaka ke yi wa jikokinta da dare za ta iya hawa majigi ba tare da ta rasa armashinta ba.

An haife shi a shekarar 1942, kuma kanikanci ya fara koya kafin ya shiga harkar fim. Tun yana yaro yakan yanka kwali ya yi siffofin dabbobi, ya haska su da fitila, jama'a su taru suna kallon inuwarsu. A Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan mai shirya finafinai, Jean Rouch, wanda ya buɗe masa hanya, daga baya kuma ya je Kanada ya ƙaro sanin fim ɗin zane a wurin gwanin wannan fanni, Norman McLaren. Abin da ya fi burge ni shi ne, da ya dawo da wannan ilimi bai tafi neman labarin wasu ba, gida ya duba.

A 1962 ya yi fim a kan wata tatsuniyar Zabarmawa, ta Sarki Koda, azzalumin da ya ba wani masunci ajiyar zobe da sharaɗin in bai dawo da shi ba kansa zai tafi, sannan ya bi ta hannun matar masuncin aka ɗauke zoben aka jefa a kogi, amma Allah cikin ikonsa ya mayar wa masuncin da zoben a cikin kifi. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san irin wannan labari, domin mu ma muna da kwatankwacinsa. A 1966 kuma ya fitar da fim ɗin zane na Sim, shugaban ƙasar kwaɗi, wanda ya yi amfani da shi wajen yi wa sababbin shugabannin Afirka hannunka mai sanda a kan son bukukuwa da tafiye-tafiye, kamar yadda magabata ke fakewa da Gizo da kura su faɗa wa masu mulki gaskiya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Tula, da ya yi a farkon shekarun 1970 bisa labarin da marubucin Nijar Bubu Hama ya rubuta. An yi fari, ruwa ya ƙafe, boka ya ce aljanin ruwa ba zai huce ba sai an ba shi budurwa daga gidan sarki. Fim ɗin ya fito ne a daidai lokacin da fari ke kashe dabbobi da mutane a yankin Sahel, don haka masu kallo ba labarin da can da can suka gani ba, halin da suke ciki suka gani. Nan ne gwanintarsa take: ya san tatsuniyar da ta dace da lokaci. Ya kuma yi amfani da 'yan tsana ya yi fim ɗin Samba a 1977, ya yi wani a kan kokawar gargajiya inda kwaɗi ne 'yan kokawar. Yawancin wannan aiki da hannunsa ya yi shi, da kayan da ya harhaɗa da kansa, kuma a ƙarshen rayuwarsa a garin Tawa ya zauna yana aiki yana koya wa matasa, har Allah ya karɓi ransa a Wagadugu a watan Maris na 2015.

Malam Edita, abin da ke damuna shi ne, yau muna da kyamarori da kwamfutoci waɗanda Alasan bai samu ba a ƙuruciyarsa, amma 'ya'yanmu sun fi sanin zane-zanen ƙasashen waje fiye da Gizo da Ƙoƙi. Ba za a ce babu labarai ba, tunda tun 1911 Baturen mulkin mallaka Frank Edgar ya fara buga tarin tatsuniyoyin Hausa, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ma ya tattara nasa domin makarantu, ga kuma tsofaffin da ke raye a ƙauyuka. Na san furodusa na tsoron asara, kuma fim ɗin zane na cin lokaci, amma gajeren fim na minti goma bai fi ƙarfin matasanmu ba.

Saboda haka ina kira ga sassan koyar da fim da harsunan Nijeriya a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, tare da takwararsu ta Yamai, da su nemo finafinan Alasan su nuna wa ɗalibai, a kuma fassara su da Hausa. Ku ma a wannan jarida ina roƙon ku tura wakili Tawa ya zanta da waɗanda suka yi aiki da shi tun suna raye. Allah ya jiƙansa da rahama.

Naku mai karatu,
daga Maraɗi