Sanarwa kan rigimar farautar Asabar

Assalamu alaikum ƴan'uwa maharba. Tun jiya ake ta musayar yawu a nan kan barewar da aka kama ranar Asabar, har magana ta fara kai wa ga zagin iyaye. Don Allah a daina.

Masu karnuka sun ce tun asuba suke bin sawunta cikin ƙaya, ƙafafunsu duk jini, sai wani ya zo ya harbe ta daga inuwa ya ce tasa ce. A ganina suna da gaskiya. Wanda ya tayar da dabba ya gajiyar da ita yana da rabonsa, ko da harsashin wani ne ya kayar da ita. Sarkin Baka, shugaban maharba, zai zauna da ɓangarorin biyu bayan sallar Juma'a.

Abin da ya fi damuna shi ne masu haska fitila da dare su makantar da dabba, da masu cinna wa daji wuta, har da harbin mai ciki. Wannan ba farauta ba ce. Kuma gandun dajin Kamuku na Birnin Gwari haramun ne a gare mu, kada kowa ya shiga.