Godiya ga masu gyaran firji na bakin kasuwar unguwarmu

Assalamu alaikum.

Ni mai sana'ar zoɓo da kunun aya ce a nan Kano, firiza ɗaya ce jarina. Na rubuto ne in gode wa shagon gyaran firji da ke bakin kasuwar unguwarmu, musamman matashin da mai shagon ya turo mini. Ban nemi izininsu ba, shi ya sa ba zan kama suna ba.

Tun shigowar bazara wutarmu ta rikice. Da rana lafiya lau, amma da an yi magariba kowa ya kunna nasa, sai ƙwan ɗaki ya koma ja kamar garwashi, fanka tana juyawa har ka iya ƙirga fukafukanta. Firiza ta yi gurnani, ta yi ƙas, ta yi shiru, can ta sake. Wani daren kuma wutar ta zo da ƙarfin tsiya, ƙwai biyu suka ƙone, cajar waya ta yi ƙauri. Shi kuwa kunun aya ba ya haƙuri, in ya kwana ba sanyi da safe ya yi tsami. Bokiti nawa na tuttular a kwata, Allah kaɗai ya sani.

Kafin su, masu gyara biyu na kira. Na farko ya ce gas ne ya ƙare, ya ɗura, ya karɓi kuɗinsa. Na biyu ya ce kwamfuresa ce, wato injin firizar, ya sa mini ta hannu, ba ta yi wata guda ba ta bi 'yar'uwarta. Cikinsu babu wanda ya ko kalli soket.

Wannan yaro da ya zo da hantsi, ya saurari bayanina, sai ya ce, "Mama, ba zan kwance ta yanzu ba. Zan dawo bayan isha'i, lokacin da take miki wannan halin." A raina na ce shi ke nan, ya gudu. Sai ga shi ana idar da salla. Ya zura mitarsa a soket, ya juyo mini da fuskarta: ƙarfin wutar 158 ne. Ya ce wutar gida 230 ya kamata ta kasance. Ashe in wuta ta yi ƙasa injin firiza ba hutawa yake ba, ƙara jan wutar yake yana kokawar tashi, har wayoyin cikinsa su yi zafi su ƙone. Taransifomarmu an yi mata lodi, mu kuma muna ƙarshen layi.

Na ce, "To ɗana, ƙarfin da ya ƙone mana ƙwai fa?" Ya fita da tocila, ya haska mini saman falwaya inda wayar nutiral, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta yi baƙi a mahaɗa. Ya ce in ta saki, wasu gidaje wutarsu ta faɗi, wasu ta haura, tana iya doshin 400. Bai hau ba. Ya ce aikin ma'aikatan wuta ne, mu haɗu da maƙwabta mu kai rahoto, kada mu bari wani da bai san aikin ba ya hau.

Washegari suka canza kwamfuresa, suka haɗa mini sitabilaiza daidai firizata, ya nuna mini maɓallin da ke sa ta jira 'yan mintoci bayan an dawo da wuta. Kuɗin zuwan dare ko kwabo bai karɓa ba. Allah ya yi wa sana'arku albarka.

Abin da ke ba ni haushi, awon nan bai ɗauki minti biyu ba. Me ya hana sauran? A kasuwa ma haka, a miƙo maka sitabilaiza an rubuta mata wai ƙarfinta 5000, ka ɗaga ka ji ta sakayau kamar gwangwani, in ta ƙone a ce wutarku ce. Kuɗin wuta kuwa cikakke ake karɓa ko da rabinta aka ba ka, kayan da suka ƙone kuma kai da aljihunka. Maƙwabciyata talabijin ɗinta yana nan ƙarƙashin gado tun daren da ƙwayayenmu suka tafi.

Taku,
Mai kunun aya