Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mini Da Mota: Sau Uku Na Kawo Muku Ƙarar Nan

Zuwa ga Shugaban Sashen Gyara da Kula da Abokan Ciniki,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, na rubuto wannan a bainar jama'a ne saboda wasiƙu biyu da na aiko muku a rufe babu wadda ta samu amsa. Yau mako na biyar ke nan motata tana garejinku, an sauke injin an lulluɓe shi da leda, ni kuma an miƙo mini takarda mai layi uku tana cewa garanti ba zai ɗauki gyaran ba saboda "sakacin mai mota". Wahalar rashin mota zan iya jurewa. Kalmar sakaci ce ta tsaya mini a wuya, domin a fayil ɗinku akwai katin aiki guda uku, kowanne da sa hannun ma'aikacinku, kuma duka ukun kan ƙara ɗaya da injin ke yi na zo.

Ranar farko na bayyana wa mai karɓar motoci abin da nake ji dalla-dalla. Da safe idan na tayar da injin, shiru, lafiya lau. Sai na yi tafiyar kamar minti ashirin, inji ya ɗau zafi, sannan wani bugu ke fitowa daga can ƙasa, ƙwal-ƙwal-ƙwal, mai nauyi, kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe da ƙaramar guduma a cikin rijiya. Yana bin juyin inji, ba gudun mota ba: ko a tsaye nake, na taka totur ya ƙara sauri. Inda ya fi fitowa shi ne idan allura ta kai wajen juyi 2,500 a minti na ɗan saki ƙafa. Duk wannan na faɗa. Abin da aka rubuta a kati kalma biyu ce: "ƙarar inji".

Aka jona wa motar kwamfuta, aka ce ba ta nuna komai ba. Aka ɗaure wani falankin ƙarfe da ke kare zafin salansa, aka ce shi ne ke kaɗawa, aka miƙo mini makulli. Ba a bar injin ya yi zafi ba, ba a fita da motar ba. Ina zaune ina kallo ta gilashi.

Ba na musun cewa wannan falankin yakan yi ƙara, kuma yakan ruɗi mutane. Amma ƙararsa ta gwangwani ce, siririya, tana zuwa a wani juyi guda ta ɓace. Wanda ya taɓa jin su biyun ba zai haɗa su ba. Ita kuwa kwamfutar da kuke kafa hujja da ita, abin da na'urorin jikin inji suka gaya mata shi take maimaitawa, kuma babu na'urar da ke auna cinyewar metal, wato ɓawon ƙarfen nan da ke can ƙasan inji, wanda zan yi bayaninsa a gaba. Ko na'urar da aka dasa a jikin inji don jin bugu, aikinta sauraron fashewar mai ba bisa lokaci ba a cikin silinda. Inji na iya cin kansa daga ƙasa allon kwamfuta yana fari tas.

Zuwa na biyu shi ya fi ɓata mini rai da na fahimce shi daga baya. An yi mini juye, ƙarar ta ragu, na tafi ina godiya. Sai da na isa gida na duba rasit na ga an zuba 20W-50, alhali littafin motar, wanda ku kuka ba ni shi, 5W-30 ya ce. Bakin mai mai kauri yana cike giɓin da ya buɗe tsakanin ƙarafan inji ya danne sautin na ɗan lokaci. Ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye. Ko dai wanda ya zuba shi bai san abin da yake yi ba, ko ya sani sarai. Ku za ku gaya mini wanne ne.

Da ƙarar ta dawo, na kai motar wurin wani dattijon bakanike, ba don ya gyara ta ba, don kada ku ce na karya sharaɗin garanti, sai don ya saurara. Abin da ya yi bai kai awa ɗaya ba, kuma kayan aikinsa na farko dogon sukundireba ne. Ya ɗora bakinsa a murfin saman inji, ya kara ƙotar a kunnensa. Ya ce ba daga nan ba ne: ƙarar bawul kas-kas ce mara nauyi, kuma rabin saurin juyin inji take yi. Ya tambaye ni ko ta fi yawa da sanyin safiya. Na ce a'a. Ya ce to ba fistin ne ke kaɗawa a silinda ba, don shi da sanyi yake yi, idan ya ɗau zafi ya buɗe sai ya lafa. Ba kuma sarƙar taimin ba ce, wadda yawanci take ƙara na 'yan daƙiƙu a tashin farko. Ya ce da motarsa ce zai cire bel ya tayar da injin na ɗan lokaci, don idan boris ɗin altaneta ne ko na famfon ruwa, ƙarar za ta ɗauke nan take. Amma da ya kara sukundireba a jikinsu, babu abin da ya ji. Sai ya kwanta a ƙasa ya ɗora shi kusa da kaskon bakin mai, ya miƙo mini ƙotar ya ce, "Ɗan'uwa, ji da kunnenka." Na ji shi kamar a cikin haƙorana.

Abu na ƙarshe da ya yi shi ya yanke magana. Ya riƙa zare fulogin wayar kwil, wato abin da ke ba kowace silinda wuta, ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa, inji na sulo. Na ɗaya, ƙara tana nan. Na biyu, tana nan. Yana zare na uku bugun ya kusan ɗaukewa. Ya mayar, bugun ya dawo. Dalilin a fili yake: idan silinda ba ta kama wuta ba, babu ƙarfin da zai doka sandar fistin, wato kwanrod, a kan karanshaf, babban ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji. Ya goge hannunsa ya ce metal ɗin kwanrod na uku ne, kada in ƙara kwana.

Bari in faɗi abin da metal yake, saboda masu karatu da ba su taɓa ganin cikin inji ba. Wasu ɓawon ƙarfe ne guda biyu, kowanne rabin zobe, da ke zama tsakanin kwanrod da karanshaf. Bayansu ƙarfe ne mai tauri, fuskarsu kuma mai laushi, a wasu injina da jan ƙarfe a ƙarƙashin shafen sama. A lafiyayyen inji karanshaf ba ya taɓa su yayin gudu. Yana shawagi ne a kan siririn bakin mai, a giɓin da yake tsakanin milimita 0.025 zuwa 0.075, wato bai wuce kaurin silin gashi ba. Da zarar giɓin ya buɗe, mai yana zurarewa ta gefe, matsinsa ya faɗi, sai ƙarfe ya fara dukan ƙarfe. A juyi 3,000 a minti, karanshaf yana zagayawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa ƙarar ke ƙaruwa da zafi, lokacin da mai ya tsinke. Kuma shi ya sa lokaci yake da tsada a nan. Idan aka kama abin da wuri, sau da yawa sauke kasko ne, a canza metal, a auna karanshaf a goge shi ko a kai shi a wasa. Idan aka bari, metal ɗin yakan manne ya juya daga mazauninsa, ya toshe hanyar mai, wani lokacin kwanrod ya karye ya fasa jikin inji.

Da wannan bayani na zo muku karo na uku. Na roƙi abu biyu, kuma ba masu wuya ba: a ɗaura agogon auna matsin bakin mai a gani da inji mai zafi, sannan a yanka filta a duba takardar ciki ko akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli. Jami'inku ya ce ba sa aiki da maganar kanikawan waje, kuma tunda jar fitilar bakin mai ba ta kama ba, babu gaggawa. Ya ba ni rana bayan mako biyu. Na tambaye shi baki da baki ko in ajiye motar a nan. Ya ce babu wuri, in ci gaba da hawa, in dai fitila ba ta kunna ba. Na sa shi ya rubuta a kati, kuma ya rubuta.

Wannan fitila, a yawancin motoci, ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa da psi 10 (psi ma'aunin matsi ne), alhali ƙa'idar da kanikawa suka daɗe suna bi ita ce a samu kusan psi 10 kan kowane juyi 1,000. Ashe inji na iya tafiya da rabin abin da yake buƙata fitila ba ta ko ƙifta ba. Ni ban san haka ba a lokacin. Jami'in da aikinsa ke nan ya kamata ya sani.

Kwana tara bayan nan, ina kan babbar hanya da iyalina a baya, bugun ya koma kamar ana sara da gatari. Fitilar ta kama, injin ya mutu, sitiyari ya yi nauyi a hannuna, manyan motoci na wucewa ta gefe. Allah ne ya kiyaye na samu na gangara. Yarana suna tsaye a bakin titi har janwe ya zo. Na san dattijon nan ya ce kada in ƙara kwana, kuma na ajiye maganarsa na ɗauki taku, saboda ku ne masu garanti, ku ne masu tambarin motar a bango. Wannan nauyin ina ɗauke da shi, kuma ba zan ɓoye ba.

Yanzu kun ce sakaci. Wane juye na tsallake? Littafin sabis yana hannunku, hatiminku ne a kowane shafi. Da aka janyo motar, ma'aikacinku ya zaro sandar awo a gabana, mai yana kan layi. Idan kuna da hujjar cewa na bar injin ba mai, ku rubuta ta ku sa hannu.

Abin da nake nema shi ne rahoto a rubuce daga wanda ya buɗe injin, da awon da ya samu a wuyan karanshaf da hotunan metal ɗin duka, ba na silinda ta uku kaɗai ba, domin yanayin cinyewarsu zai nuna ko mai ne bai isa ba, ko datti ne, ko tun daga haɗi aka samu matsala. Ina son a ajiye mini filtar da kaskon kamar yadda aka sauke su, kada a wanke, kada a zubar, don in kai wa injiniya mai zaman kansa. Ina son bayanin wanda ya ba da umarnin zuba 20W-50 da dalilinsa. Sannan a gyara ko a canza injin a ƙarƙashin garanti, a kuma janye waccan takarda mai kalmar sakaci daga fayil ɗina.

Na ba ku kwana goma sha huɗu daga yau. Idan suka cika ban ji daga gare ku ba, zan kai katunan nan uku da rasit ɗin juye gaban hukumar kare haƙƙin masu saye. Lambar fayil ɗina tana kan wasiƙun nan biyu da ke teburinku.

Wassalam,
Abokin cinikinku, mai motar da ke garejinku.