A Duba Famfon Ruwan Gilashi Kafin a Ce Ya Mutu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin masu tsofaffin motoci da masu gyaransu a nan Damagaram kan wani ƙaramin abu da aka raina, wato famfon da ke feso ruwa a gilashin gaba. Har yanzu Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968 kuma aka daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, tana ɗaukar mutane da kaya a hanyoyin Magariya da Matamaye, haka ma tsofaffin Land Cruiser masu nufar Tanut da Agadas. Mai irin wannan mota ba ya ƙyashin kashe kuɗi a kan inji da birki, amma idan ka buɗe gabanta sau da yawa za ka tarar da tulun ruwan gilashi a bushe, laka ta daskare a gindinsa, wayar famfon kuwa tana reto.

Illar wannan sakaci ta fi bayyana da hunturu. Idan ƙura ta lulluɓe gilashi, direba sai ya kunna magogi a bushe, shi kuwa yashin da ke cikin ƙurar sai ya yi ta kartar gilashin yana barin zane mai lanƙwasa daidai inda idon direba yake. Da rana ba a damuwa da wannan zane, amma da dare, idan babbar mota ta fuskanto da fitilunta, hasken sai ya watsu a kansa har mutum ya kasa bambance gefen kwalta da jakin da ke tsaye a wurin. Gilashin tsohuwar mota kuma yana da wuyar samu, kuɗinsa ya ninka na famfo sau da yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin da wasu masu gyara ke yi wajen cewa famfon ya mutu, alhali galibi lafiyarsa ƙalau. Famfon ɗan ƙaramin moto ne mai aiki da wutar batir, galibi ta volt 12, yana juya wata ƴar farfela da ke tura ruwa cikin siririn tiyo, saboda haka kunne kaɗai ya isa a fara gano matsalarsa. Idan an danna makunni aka ji yana gurnani amma ruwa bai fito ba, to wuta tana zuwa, sai a nemi toshewa: a cire tulun a wanke shi, a duba ƴar matatar da ke bakin famfon idan akwai ta, a bi tiyon da yatsa domin zafin Damagaram yana busar da roba har ta tsage, sannan a sa siririyar allura a buɗe ƴan ramukan da ruwan ke fitowa. Idan kuma shiru aka ji, sai a duba fis da wayar da ke haɗe da jikin mota, wadda tsatsa ta saba cinye bakinta, kafin a jona famfon kai tsaye da batir na ɗan lokaci. Sai ya ƙi motsi a wannan gwajin ne za a ce ya lalace, kuma ko a nan ma wani lokaci tsatsa ce kawai ta riƙe sandar moton bayan ruwa ya ratsa robar da ke tare shi. Idan babu makawa sai an sauya, ba dole ba ne a nemi na asali, domin famfon wata mota mai volt 12 yana iya zama muddin bakinsa ya dace da tiyon kuma ba a juya wayoyin ba.

Ruwan da ake zubawa shi ma abin lura ne. Mun san ƙarancin ruwa a garin nan, amma ruwan tabki ko na rijiya mai gurɓi shi ne ke kawo toshewar tun farko, garin sabulun wanki da wasu ke barbaɗawa kuma yana daskarewa a cikin tiyo. A tace ruwan da tsumma mai tsabta, kuma a daina danna makunni idan tulun babu komai, domin famfon da ke juyawa a bushe ba ya daɗewa.

Ina kira ga shugabannin direbobi a tashoshinmu da su riƙa sa kowane direba ya fesa ruwa a gabansu kafin a fara masa lodi, kamar yadda ake duba taya da fitila, musamman motocin da za su kwana a hanya.

Na gode.

Mai karatunku,
daga unguwar Birni, Damagaram