Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Dauda Lawal Kan Fari Da Madatsar Bakolori

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, daga ƙasar Talata Mafara nake rubuto maka, inda ruwan sama ya ɗauke mana a daidai lokacin da gero ke ɗaukar ciki, ganyen masara ya nannaɗe, jama'a suka fita filin idi roƙon ruwa. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san inda irin wannan ɗaukewa take kai mutane, kuma a yau babu damar komawa gonakin daji saboda 'yan bindiga, sai ɗan abin da aka shuka kusa da gari.

Abin da ke ci mini rai shi ne, amfanin gona yana ƙonewa alhali madatsar Bakolori tana kusa da mu. An kammala ta a 1978 a kan Gulbin Sakkwato domin ta shayar da kimanin hekta 23,000 a Mafara da Bakura da Maradun, kuma iyayenmu sun biya ta da tsada, domin an tashe su daga gonakinsu, wasu ma sun rasa rayukansu a rikicin 1980. Duk da gyaran da aka yi da tallafin Bankin Duniya, manomin da gonarsa ke can ƙarshen magudana shi ne na ƙarshe da ruwa ke isa gare shi, idan yashi da ciyawar kacala sun bar shi ya wuce. Wanda ya sayi injin ban ruwa kuwa, kuɗin fetur ya cinye ribarsa tun kafin girbi.

Na san madatsar tana hannun gwamnatin tarayya, amma muryar gwamna tana isa Abuja fiye da tamu. Ina roƙon ka nemi a riƙa sakin ruwa a magudanai da zarar ruwan sama ya ɗauke a cikin damina, ba sai rani ba, jiha kuma ta sa hannu wajen yashe su, ta tallafa da injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana da irin gero mai saurin nuna.

A Gusau ma, yashe madatsar garin zai rage wa magidanta abin da suke kashewa wajen 'yan garuwa kowace safiya.

Allah ya taimake ka, ya ba mu damina mai albarka.

Naka,
wani manomi daga Talata Mafara