Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Nazarin Siyasa

Ya ku 'yan uwa masu daraja, bayan gaisuwa da fatan alheri, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin ayyukan shekarar da ta ƙare. Kamar yadda babban taro ya amince, zamanmu na wata-wata ya karkata ne ga tambaya guda: idan kowa yana zaɓar abin da lissafinsa ya nuna masa ya fi amfani, shin hukuncin da jama'a suka yanke tare zai tsaya daram?

Mun fi daɗewa a kan matsalar da Condorcet, masanin lissafi ɗan Faransa, ya bayyana a 1785. Mutum uku da zaɓi uku sun isa a ga mafi rinjaye sun fifita zaɓi na farko a kan na biyu, na biyu a kan na uku, sannan na uku a kan na farko, alhali babu wanda ya saɓa wa kansa. A 1951 Kenneth Arrow, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, ya tabbatar da cewa muddin zaɓi ya kai uku, babu tsarin haɗa jerin fifikon mutane da zai cika duk sharuɗɗan adalcin da ya gindaya. Abin da ya fi tsaya wa kwamiti a rai shi ne, a irin wannan hali, wanda ya tsara wace shawara za a fara kaɗa wa ƙuri'a yana iya karkatar da sakamako ba tare da ya ce uffan ba.

Mun kuma tattauna ra'ayin da Mancur Olson, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, ya bayyana a 1965, cewa a babban rukuni mutum kan zuba ido wasu su yi wahala tunda amfanin zai iske shi. Muhawara ta yi zafi, kuma a ganinmu masu kafa hujja da binciken Elinor Ostrom, masaniyar kimiyyar siyasa 'yar Amurka wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, sun fi gaskiya, domin ta nuna al'ummomi na iya kafa dokokinsu, su sa ido a kan juna, su kare dukiyar da suka yi tarayya a kanta.

Saboda haka, ganin tasirin da mai tsara jerin ƙuri'a ke da shi, kwamiti yana neman a gyara kundin tsarin mulkin ƙungiya, ta yadda jerin kaɗa ƙuri'a zai fita daga hannun shugaba shi kaɗai, a riƙa sanar da shi kafin ranar zama. Za a gabatar da wannan ƙuduri a babban taro mai zuwa, kuma muna roƙon kowa ya aiko wa sakatare da gyaransa a rubuce.